Dazukan finyon da junifa na yammacin Amurka: tambayoyi da amsoshi kan yadda ake rarrabe su

Wane irin daji ne wannan, kuma ina yake?

Daji ne na gajerun itatuwa iri biyu da kusan kullum tare ake samun su. Finyon ɗan gidan itacen fayin (pine) ne, ganyensa sirara kamar allura, kuma yana yin 'ya'ya masu mai da mutane da tsuntsaye ke ci. Junifa kuwa ganyenta ƙanana ne manne da reshe, tana da ƙamshi mai ƙarfi, 'ya'yanta 'yan ƙwallaye ne shuɗi-shuɗi. Da wuya ɗayansu ya wuce mita 10, kuma ba sa haɗa inuwa. Itace nan, fili nan, wani itacen can.

Faɗin dajin ya kai kimanin hekta miliyan 40 a yammacin Amurka, galibi a jihohin Nebada, Yuta, Arizona, Niyu Meksiko da Kolorado, ya kuma tsallaka cikin Meksiko. Yawanci yana zaune ne tsakanin mita 1,500 zuwa 2,400 sama da teku, hamada na ƙasa da shi, manyan dazukan tsauni na sama. Ruwan da yake samu a shekara daga milimita 250 ne zuwa 500, kusan abin da Tawa ko Damagaram ke samu, sai dai can akwai sanyin da ke daskarar da ruwa, kuma wani kaso na ruwan dusar ƙanƙara ce. Tun a 1889, da masanin halittu C. Hart Merriam ya hau tsaunukan San Francisco kusa da garin Flagstaff a Arizona, ya lura tsirrai jere suke hawa-hawa daga hamada zuwa ƙoli, ya ware wa finyon hawansa na daban.

Tunda duk finyon da junifa ne, me ya kawo rarrabewa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a nan. Wanda ya hango dajin daga mota zai ga abu ɗaya ne tun daga Nebada har Niyu Meksiko: ɗigo-ɗigon kore mai duhu a kan jar ƙasa. Amma wani wurin itatuwansa sun shekara 500 a tsaye kan dutse, wani wurin kuma shekara 80 da suka wuce makiyaya ce fetal, itatuwan daga baya suka shigo. Mafi yawan filayen na gwamnatin tarayya ne, a hannun hukumar kula da filayen gwamnati (BLM) da hukumar gandun daji, kuma kowace shekara ana yanke shawarar inda za a sare, inda za a ƙona, inda za a bari. Sunan da aka rubuta wa wuri a taswira shi ne ke kai katafila can ko ya hana ta zuwa.

Shi ya sa nake ganin aikin rarrabewa ya wuce sha'awar masu ilimin tsirrai. Idan aka kira tsohon daji da sunan mamaya aka sare shi, babu wanda ke raye yau da zai ga ya dawo.

Da itatuwan ake fara rarrabewa?

E, domin su ne suka fi sauƙi. Ga finyon, sai ka ƙirga allurai nawa ne a ɗauri guda. Idan biyu ne, Pinus edulis ke nan, na Filaton Kolorado da Niyu Meksiko, wanda jihar Niyu Meksiko ta ɗauka a matsayin itacenta. Idan allura ɗaya ce tilo, Pinus monophylla ne, na Nebada da yammacin Yuta da gabashin Kalifoniya, kuma a duk dangin fayin na duniya shi kaɗai ke da wannan siffa. Can kudu wajen iyakar Meksiko akwai masu allura uku.

Junifa ta fi wuyar sha'ani. Juniperus osteosperma ita ce ta fi yawa a Yuta da Nebada. Juniperus monosperma, mai rassa da yawa tun daga gindi, ta fi yawa a Niyu Meksiko. Juniperus scopulorum ta fi son wuri mai sanyi da ɗan laima. Juniperus deppeana kuwa ko yaro zai gane ta, don ɓawonta a tsattsage yake murabba'i-murabba'i kamar bayan kada. A Oregon akwai Juniperus occidentalis da ke tsayawa ita kaɗai ba finyon a kusa.

Akwai kuma tsari na hawa. A ƙasa-ƙasa inda ya fi zafi da bushewa junifa ce ke mulki, kana hawa finyon na ƙaruwa har ya rinjaye ta.

To me ya sa ake cewa abin da ke ƙarƙashin itatuwan ya fi su bayani?

Saboda finyon da junifa ba su da zaɓe. Suna jure ƙasa iri-iri da yanayi iri-iri, don haka ganin su bai gaya maka komai sosai game da wurin ba. Ciyawa da ƙananan itatuwa masu rassa daga gindi, irin tsayuwar sabara, su ne masu tsirfa: kowanne da irin ƙasar da yake so da lokacin ruwan da yake so.

Lokacin ruwan nan shi ne babban abin da ya raba dajin gida biyu. A kudu maso gabas, wato Niyu Meksiko da kudancin Arizona, akwai damina ta gaske daga Yuli zuwa Satumba, da hadari da tsawa. Can ciyayin zafi ne ke shimfiɗe a ƙasa, musamman Bouteloua gracilis, gajeruwa mai kai kamar gashin ido. A arewa maso yamma, yankin Great Basin inda koguna ba sa kaiwa teku, yawancin ruwa a lokacin sanyi yake zuwa, rani kuma ƙurmus. Can abin da ke ƙarƙashi shi ne Artemisia tridentata, ɗan uwan tazargade, mai toka-tokan ganye da ƙamshi mai hawa kai, tare da ciyayi masu fitowa dunƙule-dunƙule da zarar ƙanƙara ta narke. A kan fako da tsagin duwatsu kuma wani lokaci ba ka ganin komai sai baƙin ɓawo a fuskar ƙasa. Ɓawon nan rayayye ne, haɗakar ƙananan halittu da gansakuka, shi ke riƙe ƙasa kada iska ta kwashe ta, kuma taku ɗaya na takalmi kan ɗauki shekaru kafin ya warke.

Yaya ake karanta dogayen sunayen nan na Latin?

Amurka na da tsarin rarrabe tsirrai na ƙasa baki ɗaya, wanda aka amince da shi a 1997, aka yi masa kwaskwarima a 2008. Yana da matakai takwas. Na sama suna duba siffa da yanayi, ko daji ne, ko makiyaya, ko hamada. Na ƙasa suna duba ainihin tsirran da ke zaune tare. Mataki na ƙarshe shi ne mai dogon suna, kamar haka: Pinus edulis - Juniperus monosperma / Bouteloua gracilis.

Karan da ke kwance yana nufin biyun a hawa ɗaya suke, duka itatuwa ne. Karan da ya karkace yana nufin an sauko hawa na ƙasa. Idan aka sa wani suna cikin baka, ma'ana ana samun sa a wasu wuraren, ba duka ba. Wanda ya saba, yana ganin sunan nan ya san ana maganar fili mai ciyawa ne a yankin damina. Da zai ga Artemisia tridentata bayan karkataccen karan, ya san an koma ƙasar dusar ƙanƙara.

Kafin wannan tsari, hukumar gandun daji ta daɗe tana bin hanyar Rexford Daubenmire, wanda ke sa wa wuri suna da tsirran da zai ƙare da su idan aka bar shi ba wuta ba sara. Tsarin ƙasa na yanzu abin da ke tsaye yau yake rubutawa. Bambancin ba ƙarami ba ne, kuma za mu sake cin karo da shi.

A cikin daji, yaya aikin yake gudana?

Da ƙafa, da igiyar awo, da haƙuri. Ana zaɓar wurin da tsirransa suka yi kama da juna, a auna fili, sau da yawa mita 20 sau 20. A rubuta kowane tsiro da ke ciki, a kimanta kashi nawa na filin ya rufe. Don ciyawa, da yawa suna amfani da ɗan firam ɗin da Daubenmire ya fito da shi a 1959, santimita 20 sau 50. Ana ajiye shi a ƙasa, mutum ya durƙusa ya duba, ya jefa kowace ciyawa cikin ɗaya daga aji shida, daga wadda ba ta rufe kashi 5 cikin ɗari ba har wadda ta rufe kusan duka. A matsa gaba kaɗan, a sake.

Sannan a rubuta tsayin wurin, da gangararsa, da inda yake fuskanta, don gangaren da ke kallon arewa ya fi sanyi da laima, tsirransa kan bambanta da na ɗaya gefen tudun. A haƙa rami a ga zurfin ƙasa kafin a taɓa dutse. A murza wani siririn bututun ƙarfe cikin kututture a zaro ɗan tsinken itace don ƙirga zoben shekaru. Finyon na ba da haɗin kai a nan, junifa kuwa takan yi zobe biyu a shekara ɗaya ko ta tsallake shekara, ga tauri.

Lokacin zuwa ma yana da tasiri. Wanda ya je a shekarar fari, ko kafin ciyawa ta fitar da kai, zai dawo da takarda rabinta fanko, wurin ya fito kamar ba shi da komai a ƙasa. Bayan an tara ɗaruruwan filaye ne ake zuba su a kwamfuta ta haɗa masu kama da juna, masana kuma su zauna su duba ko rukunan da ta fitar suna da ma'ana a ƙasa.

Mene ne kashi ukun da ake yawan ambata?

A 2009 William Romme na Jami'ar Jihar Kolorado da ayarin masana suka tattara abin da aka sani, suka raba dajin gida uku bisa ƙasa, yanayi da tarihin wuta. A ganina wannan rabon ya fi kowane amfani ga mai yanke shawara.

Na farko shi ne dawwamammen daji. Yana kan tuddai masu duwatsu da ƙasa marar zurfi, ciyawa kaɗan ce a ƙasa, saboda haka wuta ba ta da abin bi daga wannan itace zuwa wancan. Sai a yi ƙarnoni ba gobara, ranar da ta zo kuma da iska mai ƙarfi takan cinye komai. A gandun Mesa Verde da ke Kolorado an kiyasta wuta na ɗaukar kimanin shekara 400 kafin ta zagaye dajin. Wannan daji bai mamaye wurin kowa ba, gidansa ne, kuma ba ya bukatar a rage masa itace da sunan gyara.

Na biyu makiyaya ce mai ɗaiɗaikun itatuwa, a shimfiɗaɗɗen wuri mai ƙasa mai ɗan zurfi, galibi a yankin damina. Na uku kuma filin ƙananan itatuwa ne irin su tazargaden nan, inda finyon da junifa ke shigowa a shekarun ruwa, wuta ko fari su kore su, su sake dawowa. Shi ya fi yawa a Great Basin, kuma a kansa ne aka fi jayayya.

Ta yaya ake gane tsohon daji da ido?

Matashin itace kansa a tsine yake, rassansa kore har ƙasa, ɓawonsa sumul. Tsoho kansa ya baje ko ya zagaye, jikinsa a murɗe, rabin rassansa matattu ne farare fat. Wata tsohuwar junifar za ka ga duk kututturen ya bushe sai wani siririn zirin ɓawo da ya nannaɗe ya hau, shi kaɗai ke kai ruwa ga reshe ɗaya mai rai. Ka duba ƙasa kuma: manyan gungumen da suka faɗi suka daɗe suna ruɓewa alama ce itatuwa sun yi zuriya bayan zuriya a nan. Idan kuwa matattun kututturan tazargade ka gani a ƙarƙashin matasan itatuwa masu kusan tsawo ɗaya, to filin wani ne aka shiga.

Kauri ba ya nuna shekaru. Itacen da ke kan dutse, wanda za ka iya rungumewa da hannu ɗaya, yana iya girme wa ƙato da ke cikin kwari da shekara 300. Akwai junifar da ta haura shekara 1,000.

Da gaske ne dajin yana mamaye makiyaya?

A wurare da yawa gaskiya ne. Tun wajen 1860, da Turawa suka shigo da garken shanu da tumaki, dabbobi suka cinye ciyawar da wuta ke bi, aka kuma shiga kashe gobara, ga wasu shekarun ruwa da suka biyo baya. Itatuwa suka gangaro cikin kwaruruwa, tsofaffin hotuna da zoben shekaru duk sun nuna haka.

Sai dai akwai rabin labarin da aka daɗe ana mantawa. Bayan gano azurfa a Comstock a 1859, ma'adinan Nebada sun ci itace ba kaɗan ba. Matatun narkar da ƙarfe na garin Eureka da gawayin finyon suke aiki, har tuddan da ke kewaye suka koma tsirara na tsawon kilomita da dama. Kusa da garin Ely har yau akwai manyan tanderun gawayi shida na dutse da aka gina a 1876, tsayin kowanne kusan mita 9. To matashin dajin da ke irin waɗannan wurare dawowa ya yi inda aka sare iyayensa. Mai aikin da ya ga tsofaffin kututture masu sawun gatari a tsakanin matasan itatuwa ya kamata ya dakata kafin ya rubuta mamaya.

Ba a dakata ba a da. Daga shekarun 1950 zuwa na 1970 an riƙa ɗaura sarƙar angar jirgin ruwa tsakanin katafila biyu a ja ta cikin daji, tana tumɓuke duk abin da ta tarar, a shuka ciyawar kiwo a bayanta. Sarƙa ba ta tambayar shekarun itace.

Idan aka ja da baya sosai, iyakar dajin ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Akwai wani ɓeran daji da ke tara ganye da 'ya'yan itace a kogo, fitsarinsa ya daskare a kai ya adana su dubban shekaru. Daga irin wannan tari aka gano cewa a zamanin ƙanƙara na ƙarshe finyon da junifa suna can ƙasa, inda yau hamada ce. A kwarin Chaco na Niyu Meksiko ma tarin ya nuna akwai finyon kafin zamanin manyan gine-ginen dutse, kimanin shekara 1,000 da suka wuce, daga nan ya ɓace. Wasu masana sara suke ɗora wa laifi, wasu na ja.

Ina batun mataki na ɗaya, na biyu, na uku?

Wannan ma'auni ne na inda shigowar itatuwa ta kai, wanda Richard Miller na Jami'ar Jihar Oregon da abokan aikinsa suka tsara a 2005. A mataki na ɗaya itatuwa sun shigo amma ciyawa da ƙananan itatuwa ne ke da rinjaye. A na biyu an yi kunnen doki. A na uku itatuwa sun shanye ruwan, ƙasa ta koma tsirara. Gyara a matakin farko na da araha, don akwai abin da zai maye gurbi. A na uku, idan aka sare ko wuta ta ci, sau da yawa baƙuwar ciyawa Bromus tectorum, wadda ta shigo daga Turai da Asiya a ƙarshen ƙarni na 19, ita ke cike wurin. Tana bushewa da wuri, tana kama wuta kamar fetur, gobara ta riƙa dawowa a kai a kai.

Hatsarin shi ne tsohon dawwamammen daji shi ma ba shi da ciyawa a ƙasa, don haka a takarda yana iya kama da mataki na uku. Ma'aunin an yi shi ne don filin da aka shiga kawai.

Tsuntsaye fa, me ya haɗa su da wannan?

Tsuntsaye biyu ne suka sa muhawarar ta yi zafi. Ɗaya babbar tsuntsuwar ƙasa ce mai rayuwa cikin tazargade, Centrocercus urophasianus, wadda ke gudun dogayen itatuwa don shaho da hankaka na sauka a kansu. Wani bincike a Oregon a 2013 bai sami dandalin rawar aurenta ko ɗaya mai aiki ba a inda itatuwa suka rufe fiye da kashi 4 cikin ɗari na fili. Don ita ake sara da yawa a yau.

Ɗayan shuɗin tsuntsu ne mai yawo garke-garke, Gymnorhinus cyanocephalus. 'Ya'yan finyon ba su da fiffiken da iska za ta ɗauka, shi ne ke kwasar su dubbai yana binnewa don lokacin sanyi, waɗanda ya manta su tsiro. Yawansa ya ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari tun wajen 1970, kuma a 2022 an shigar da buƙatar a sa shi cikin halittun da doka ke karewa. Abin da ya ƙara dagula lissafi, yana yawan amfani da bakin daji inda itatuwa ke haɗuwa da tazargade, daidai inda ake sara don ɗayar.

Idan fari ya kashe itatuwan, sunan wurin ya canza ke nan?

An ga haka a 2002 da 2003. Fari mai zafi ya raunana finyon, wani ɗan ƙwaron ɓawo, Ips confusus, ya ƙarasa shi. David Breshears da abokan aikinsa sun ruwaito a 2005 cewa mutuwar ta shafi aƙalla murabba'in kilomita 12,000, kuma a wani filin bincike kusa da Los Alamos fiye da kashi 90 cikin ɗari na finyon ya mutu. Junifa galibi ta tsira. Finyon yana saurin rufe ƙofofin ganyensa idan ƙasa ta bushe, ya daina yin abinci, ya rasa ƙaron da yake korar ƙwaro da shi. Junifa kan ci gaba da zuƙo ruwa daga busasshiyar ƙasa, ko da za ta sadaukar da wasu rassa.

A tsarin da ke rubuta abin da ke tsaye, wurin da jiya finyon da junifa ne ya koma junifa zalla cikin shekara biyu. Wannan ne ya sa hukumar NRCS ta ma'aikatar noma ke bin wata hanya: ta ɗaura sunan wuri a kan ƙasarsa da yanayinsa, sannan ta zana halaye daban-daban da zai iya shiga, da abin da ke tura shi daga wannan zuwa wancan, da inda ba a iya dawowa. Mai aiki da hankali yana riƙe taswirorin biyu.

Hoton tauraron ɗan'adam bai isa ba?

Yana nuna faɗi da yadda itatuwa ke ƙaruwa ko raguwa, kuma taurarin Landsat na ɗaukar hoto tun 1972. Amma ba ya ganin shekarun itace, ba ya ganin sawun gatari, kuma da ƙyar yake raba finyon da junifa. Sai an taka.

Akwai irinsa a nahiyarmu?

Finyon babu. Junifa akwai: Juniperus procera na tsaunukan Habasha da Kenya, wadda kuma ke kan duwatsun Asir da Ɗa'ifa a Saudiyya, da wasu irin a tsaunukan Atlas na Maroko da Aljeriya.

Mutanen da suka riga kowa zama a wurin, yaya suke kallon dajin?

Ga Shoshone, Paiute da Washoe na Great Basin, da Diné da al'ummomin Pueblo a kudu, finyon abinci ne. Da kaka iyalai kan tashi zuwa tuddai da dogayen sanduna, su kakkaɓo 'ya'yan tun suna kore, su gasa su a wuta har su buɗe, su adana ƙwayar don lokacin sanyi, wasu su niƙa ta su dama. Itacen ba ya yin 'ya'ya da yawa kowace shekara, sai bayan 'yan shekaru, kuma daga fara ƙullawa zuwa nuna yana cin fiye da shekara biyu. Saboda haka dole dattawa su san wane tudu ne zai bayar bana, wane ne sai baɗi, kuma tun da bazara ake zuwa dubawa.

Wannan ma rarrabewa ce, kuma takardun awon da aka ambata a sama ba su da gurbin rubuta ta. Itatuwan da suka fi ba da 'ya'ya manya ne da suka kwana biyu, irin waɗanda sarƙa ta kwantar a ƙasar Shoshone ta Yamma ba tare da an tambayi kowa ba. Yanzu doka ta wajabta wa hukumomin tarayya tuntuɓar gwamnatocin waɗannan ƙabilu kafin aikin da zai shafi wuraren da suke da alaƙa da su, kuma har yau iyalai na fita ɗibar 'ya'yan finyon a Satumba da Oktoba.